Yadda Sarkin Gwandu ya tare a Birnin Kebbi

Sarautar Kabi tana Argungu, amma birnin da ke ɗauke da sunan Kabi yana hannun Sarkin Gwandu. Tushen wannan ya faro ne a 1805, lokacin da rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kakan sarakunan Gwandu, ta ci Birnin Kebbi. Kabawa ba su miƙa wuya ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, Argungu ta zama cibiyarsu, aka yi ta ba-ta-kashi da Sakkwato da Gwandu shekara da shekaru. Ɗansa Sama'ila, wanda ya hau gadon sarauta a 1883, shi ne ya fi hana maƙwabtan nasa barci.

Da Turawan Ingila suka iso, Sama'ila bai yaƙe su ba. Ya karɓe su, sojojinsu suka zauna a Argungu tun kafin a ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Mai karatu zai zaci ƙasarsa za ta ƙaru. Ina! Tun a 1898 Ingila da Faransa sun zauna a Faris sun shata iyaka a kan takarda, aka auna mil 100 daga Sakkwato aka zagaya. Da aka gama gyare-gyaren iyakar, mafi yawan ƙasashen Arawa da Zabarma da Dandi, abokan yaƙin Kabi, sun faɗa hannun Faransa. Babu wanda ya tambayi Sarkin Kabi.

Sai ga rikicin garin Satiru a watan Fabrairu na 1906. Talakawa masu gatura da fartanyoyi suka kashe Turawa uku da sojoji da dama, a watan Maris kuma aka shafe garin baki ɗaya. Turawa suka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru da goyon bayan masu tawayen, suka tuɓe shi. Aka naɗa Haliru, aka zaunar da shi a Birnin Kebbi, ba a Gwandu ko Ambursa inda magabatansa suka zauna ba.

A ganina nan ne Turawa suka nuna ainihin halinsu: sauƙin mulki suke dubawa, ba tsohuwar amana ba. Sama'ila, wanda ya buɗe musu ƙofa tun da fari, ya rasu a 1915 yana sarauta a Argungu, birnin kakanninsa kuwa yana hannun gidan da ya yi shekaru yana yaƙa.