Shekarar ƙarancin ruwa: wane irin wake ne ke fid da mutum kunya?

Jama'a masu saurare, makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, shirinmu na wannan mako kan wake ya tsaya. In damina ta ɗauke da wuri, wane iri ne ya fi yi? Amsar ta danganta da abin da kake nema, don amfanin wake biyu ne: ƙwaya da harawa.

Mu fara da iri na gargajiya mai yaɗo, kamar Kanannado. Ƙwayarsa manya ce, fara, kasuwa na son ta. Sai dai ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wato can ƙarshen damina, kuma yakan kai wata huɗu a gona. In ruwa ya tsaya farkon Satumba, fure ya zo ƙasa ta bushe, ƙwaya sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma ganye kam ya riga ya yi, harawa ta samu.

Na biyu, iri mai saurin nuna, wanda ba ruwansa da tsawon yini. Misali IT97K-499-35, aikin cibiyar IITA, wanda a Najeriya ake kira SAMPEA 10. Cikin kwana 70 zuwa 75 ya nuna, kuma ƙuduji, wato wuta-wuta, ba ya cin ƙarfinsa. Dabararsa ita ce ya gama kafin fari ya iso. Illarsa, a tsaye yake fitowa, ganyensa kaɗan, ga shi sau da yawa ana girbe shi ruwa bai gama ɗaukewa ba, harawar ta jiƙe ta yi baƙi.

Na uku, mai cin tudu biyu. A Nijar akwai TN5-78 na cibiyar INRAN, mai jar ƙwaya, a Najeriya kuma IT90K-277-2. Ba su kai Kanannado ganye ba, amma a shekarar da ruwa ya gaza sukan bar wa mai gona ƙwayar sayarwa da damin harawa.

To, Malam makiyayi, ina ruwanka? Ka lura da abin da manoman yankin da kake kiwo suka shuka. In mai sauri ya yi yawa, harawa za ta yi wuya da bazara, gara ka ƙulla ciniki tun kaka. Wajen saye, ɗaga damin ka duba: korayen ganye da ba su kakkaɓe ba su ne abincin, kara zalla asarar kuɗi ce.

Kai kuma Alhaji mai safara daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Dawanau, ko daga Ƙonni zuwa Illela, wake mai sauri shi ke fara shiga kasuwa tun tsohon bai sauka daga tsada ba. Sai dai sabon wake yana da danshi, ka tabbata ya bushe ƙayau kafin ka ɗaure. Kada ka cakuɗa ja da fari: Kano ta fi son fari manya, Legas ta fi karɓar ja. In ajiya za ka yi, buhun PICS mai ninki uku yana hana ƙwari iska, su mutu ba tare da magani ba.

Shawarar da ta fi: mai gona ya raba gonarsa, sashe mai sauri, sashe mai yaɗo. Ko ruwa ya yi gardama, ɗaya zai riƙe gida, ɗaya ya riƙe garke.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.