Masu Rubuta Manhaja a Filifin: Hannu Na Gida, Suna Na Waje

A unguwannin talakawan Manila da Cebu da Davao akwai wata na'ura da ake kira pisonet. Kwamfuta ce aka kulle cikin akwatin katako ko na ƙarfe, da 'yar kafar jefa kuɗi a gefe. Yaro ya jefa kwandalar peso ɗaya, allo ya kawo wuta, ya samu kamar minti biyar. Lokaci na cika allon ya ɗauke, ko da kuwa yana tsakiyar aiki. Akan girke ta a bakin kanti ko a ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar kwano. Yawancin yaran wasan harbe-harbe da Facebook ke kai su, amma ba a rasa wanda zai tsaya yana tunanin yadda aka yi abin nan yake aiki. Daga irin waɗannan yara, da waɗanda suka tashi a shagunan haya na kwamfuta kafin su, ƙasar Filifin ta samu da yawa daga cikin masu rubuta mata manhaja.

Sana'ar kanta ba ta da kayan aiki masu yawa: kwamfutar cinya, intanet, da kai mai juriya. Mai rubuta manhaja yana tsara wa na'ura umarni ne layi bayan layi, cikin yaren da take ganewa, kamar C ko Java ko Python. Na'ura kuwa ba ta da kara. Ka manta waƙafi ɗaya, ta ƙi motsi. Ka ba ta umarnin banza, ta aiwatar da shi tsaf ba tare da ta tambaye ka ko lafiya ba. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa rubutun ba shi ne aikin ba, farautar kuskure ita ce aikin. Ɗalibi kan rubuta abu cikin awa biyu, ya kwana uku yana neman inda ya karkace.

Hanyar shiga a hukumance digiri ne na shekara huɗu, kuma hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasar, CHED, ta raba shi gida uku: kimiyyar kwamfuta, fasahar sadarwar zamani, da tsarin sarrafa bayanai. Na farkon ne mai lissafi da yawa, shi ne kuma ke korar mutane. Burin yaro mai ƙwaƙwalwa daga gidan da ba hali shi ne Jami'ar Filifin, wadda kowa ke kira UP, da aka kafa a 1908. Jarrabawar shigarta, UPCAT, fiye da mutum 100,000 ke nema a shekara, kuma ba a ɗaukar ko kashi ɗaya cikin biyar. Tun da aka sa hannu kan dokar ilimi kyauta a 2017, ɗalibin jami'ar gwamnati ba ya biyan kuɗin karatu, sai dai dokar ba ta saya masa kwamfuta, ba ta kuma biya masa kuɗin gado a ɗakin haya. 'Ya'yan masu hali sukan nufi Ateneo de Manila ko De La Salle, jami'o'in cocin Katolika masu tsada. Sai kuma kwalejojin kasuwa irin su AMA, da aka buɗe a 1980, da STI da ta biyo baya a 1983, waɗanda suka baza rassa a garuruwa suna yaye dubbai. A nan fa sai abin da ka gani: wani reshen da malamai ƙwararru, wani kuwa takardar shaida kawai za ka fito da ita.

A UP makin jarrabawa a juye yake. Ɗaya shi ne ƙololuwa, uku tsallake rijiya da baya, biyar faɗuwa, kuma babu kalmar da ɗalibi ke tsoro kamar singko, wato biyar ɗin nan. Aikin gida na rubuta manhaja MP suke ce masa, kuma shi ke cinye daren ɗaliban wannan fanni. Za ka same su a ɗakin kwana ko a shagon shayi mai intanet kyauta, da taliyar 'yar leda da kofi mai arha, suna ta fama har asuba, domin ƙarfe goma sha biyun dare na bugawa ƙofar miƙa aiki ke rufewa. Da safe su hau motar Ikot, mai zagaya harabar UP da ke Diliman, su shiga aji da jajayen idanu. Idan guguwa ta taso, kuma wajen guda 20 ke shiga yankin ƙasar duk shekara, gwamnati kan ba da hutun dole, wuta ta ɗauke, intanet ya yanke, amma ranar miƙa aiki ba kullum take matsawa ba.

A ganina rabin koyon sana'ar ba a aji ake yin sa ba. Kowace ƙungiyar ɗalibai tana da majalisarta, tambayan, wani lungu da benci da tebur inda ake zama tsakanin darasi da darasi. A nan ɗan aji huɗu ke duba wa ɗan aji ɗaya aikinsa, ya nuna masa inda ya yi shirme, ya gaya masa malamin da ba a wasa da shi da kamfanin da ke biyan masu sanin makamar aiki. Ƙarshen tafiya kuma kundin kammalawa ne: mutum uku ko huɗu su gina manhaja, su sa kayan ofis, su tsaya gaban kwamitin malamai su kare ta. Sau da yawa abin da ya yi aiki lafiya lau jiya da dare, a gaban kwamitin yake ƙin tashi.

Jami'o'in nan ba 'yan kallo ba ne a tarihin intanet na ƙasar, su ne ma suka shigo da shi. Ranar 29 ga Maris, 1994, da misalin ƙarfe ɗaya da kwata na dare, wani injiniya mai suna Benjie Tan ya haɗa layin farko daga birnin Makati na yankin Manila zuwa kamfanin Sprint a Kaliforniya. Aikin na wata haɗakar jami'o'i ne, PHNet, kuma da gari ya waye aka sanar da labarin a wani taro a Jami'ar San Carlos da ke Cebu. Ƙarfin layin duka kilobit 64 ne a daƙiƙa, wanda wayar da ke aljihunka ta ninka shi sau ɗaruruwa. Da shi jami'o'in ƙasa guda suka fara.

Shekara shida bayan haka duniya ta san cewa akwai masu rubuta manhaja a Filifin, amma ta mummunar hanya. Ranar 4 ga Mayu, 2000, wani saƙon imel mai taken ILOVEYOU ya fara yawo, ɗauke da abin da ya yi kama da wasiƙar soyayya. Duk wanda ya buɗe, sai ƙwayar cutar ta lalata masa hotuna da wasu fayiloli, ta kuma aika kanta ga duk sunayen da ke littafin adireshinsa. Cikin 'yan kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci. Majalisar dokokin Birtaniya ta rufe imel ɗinta, ma'aikatar tsaron Amurka ma abin ya taɓa ta, aka ƙiyasta asarar da biliyoyin daloli. Da aka bi sawu sai ga shi ya dire a wani gida a unguwar Pandacan ta Manila, wurin Onel de Guzman, ɗalibin kwalejin AMA ɗan shekara 24.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mafarin zancen. Tun kafin nan Onel ya miƙa wa malamansa shawarar kundin kammalawa: manhajar da za ta riƙa sato lambobin sirrin shiga intanet, domin a lokacin da awa ake sayar da shi ta layin tarho, talaka bai isa ba. Malaman suka yi fatali da ita, kuma sun yi daidai, sata ce. Ya bar makaranta bai gama ba. Da aka tashi gurfanar da shi sai aka tarar ƙasar ba ta da dokar da ta haramta abin da ya yi. Aka yi gaggawar zartar da dokar kasuwancin intanet, shugaba Joseph Estrada ya sa mata hannu a watan Yuni na shekarar, amma doka ba ta cin laifin da ya riga ta haihuwa, don haka a watan Agusta aka janye tuhuma. Sai bayan shekara 20 wani ɗan jaridar Birtaniya, Geoff White, ya gano shi a wata 'yar rumfar gyaran waya a Manila, inda ya amsa cewa shi ya rubuta, ya ce kuma bai taɓa zaton abin zai kai haka ba. Ba na yi masa uzuri. Amma mutumin da ya girgiza ofisoshin duniya da 'yan layukan rubutu, a ce ya ƙare yana canza wa mutane gilashin waya, ai asara ce ta ƙasa, ba tasa shi kaɗai ba.

Shekara goma bayan wannan abin kunya labari ya sha bamban. A watan Satumban 2009 guguwar Ondoy ta zubar wa Manila ruwan wata guda cikin awa shida, mutum fiye da 400 suka rasu a ƙasar, ɗalibai kuma suka fito da yawa suna ɗaure kayan agaji suna rabawa. Wasu samari daga Ateneo da UP, da suka kira kansu By Implication, suka ɗauki wannan ruhin taimakon suka mai da shi wasan kwamfuta mai suna Wildfire, inda ɗan wasa ke tara 'yan sa-kai ya yaƙi talauci da jahilci. A 2010, a birnin Warsaw, suka zo na ɗaya a duniya a ɓangaren ƙirar wasanni na gasar Imagine Cup ta kamfanin Microsoft.

Kofin bai burge ni kamar abin da suka yi daga baya ba. Motocin haya na Manila, jeepney, waɗanda asalinsu motocin sojan Amurka ne da aka bari bayan yaƙin duniya na biyu, ba su da tsayayyun tashoshi, ba su da taswira. Hanyarsu tana rubuce a jikin mota da kuma kan direba. A 2013 waɗannan samarin suka fito da Sakay.ph, inda za ka rubuta inda kake da inda za ka, ta gaya maka wace mota za ka hau, ina za ka sauka, nawa za ka biya. Haka wasu matasan, masu suna iNON, suka ci kyautar duniya a gasar hukumar NASA ta 2018 da ISDApp, mai aika wa masunta labarin yanayi ta gajeren saƙo zuwa ƙaramar waya, domin masuncin da ke fita teku cikin kwalekwale ba shi da babbar waya, kuma guguwa ba ta jira ya saya. Duba dai: ambaliya, cunkoso, teku. Duk aikin matasan nan da ya yi suna, daga wahalar gida ya tsiro.

Da an gama karatu kuma sai kasuwa. A Filifin jarrabawar lasisi babban abu ce. Ma'aikaciyar jinya ko injiniya ko malamin makaranta ya ci, sai dangi su buga hotonsa a ƙaton kyalle su rataya a ƙofar gida. Mai rubuta manhaja ba shi da irin wannan jarrabawa. Mai ɗaukar aiki zai zaunar da shi ne ya ba shi matsala ya ce warware, kuma a nan ɗan ƙaramar kwalejin lardi kan kayar da ɗan babbar jami'a. Wannan adalci ne da sana'o'i kaɗan ke da shi.

Sai dai wa ake yi wa aikin? Mafi girman mai ɗauka shi ne ɓangaren ayyukan da kamfanonin waje ke bayarwa kwangila. A 2023 ya ɗauki mutum wajen miliyan 1.7, ya shigo da dala biliyan 35 da ɗoriya. Yawancinsu masu amsa kiran waya ne, amma akwai dubban masu rubutu da gyaran manhaja a benayen Makati da Taguig da Cebu. Manila na gaban New York da awa 12 ko 13, saboda haka da yawa sukan shiga ofis bayan isha'i su fito da hantsi, jiki yana Asiya, agogo yana Amurka. Albashin ya fi na yawancin ayyukan gida, yakan ɗauki nauyin karatun ƙanne, ba abin rainawa ba ne. Amma manhajar bankin Landan ko ta kamfanin inshorar Amurka da suka kwana suna gyarawa ba ta ɗauke da sunansu, ribarta kuma ba ta kwana a Manila. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Haka abin yake a masana'antar lantarki: fiye da rabin kayan da ƙasar ke fitarwa na'urorin lantarki ne, amma galibi harhaɗawa da gwaji ake yi, zanen ƙirar daga waje yake zuwa.

Wanda ya ƙi wannan rabon yakan fita. Diosdado Banatao, ɗan manomin shinkafa daga Iguig a lardin Cagayan, wanda ya yi firamare ba takalmi, ya karanta injiniyan lantarki a Mapúa, ya wuce Stanford, ya shiga sahun waɗanda suka ƙera ƙananan sassan da suka sa kwamfutar tebur ta yi arha. Da shi aka kafa Chips and Technologies, wanda Intel ya saye daga baya, da kuma S3 a 1989. Filifin na alfahari da shi, amma a Kaliforniya ya yi duk wannan. Dattawanmu da suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 ba za su yi mamaki ba, domin wasunsu malaman Filifin ne suka koya musu lissafi da kimiyya. Ƙasar ta daɗe tana horar da mutane wasu na mora.

Ba a rasa abin gida da ya tsaya da ƙafarsa ba. GCash, da kamfanin Globe ya fara a 2004 a matsayin aika kuɗi ta gajeren saƙo, yau har mai sayar da kifi a kasuwa da shi yake karɓar kuɗi. Amma irinsa kaɗan ne, kuma lokaci ba ya jira. Ƙirƙirarriyar basira ta fara iya ƙananan ayyukan da ake ba sabon ɗauka, irin su gwaji da gyaran ƙananan kurakurai, waɗanda su ne matakin farko na tsanin kwangilar waje. Matasan Filifin sun riga sun nuna hannunsu a Warsaw da gaban NASA. Waɗanda ba su nuna nasu ba tukuna su ne masu kuɗin ƙasar da gwamnatinta, da har yanzu suka fi son gina benen da za a ba kamfanin waje haya, a kan su zuba jari a manhajar da yaransu suka rubuta.