Da tsohuwar zuma ake magani: hukuncin ƴan wasa a kan «XIII»

A garuruwan bakin iyaka na jahar Doso, tun daga Gaya har zuwa Junju, wadda ake rubutawa Dioundiou da Faransanci, samarin yau sun san rumfar wasan bidiyo kamar yadda iyayensu suka san dandali. Kayan rumfar ba su da yawa: akwatin talabijin, benci, da na'urar wasa, galibi ta hannu, wadda ta gama aiki a wata ƙasa kafin ƴan kasuwa su kawo ta. Wasan ƙwallon ƙafa shi ne ya fi jan jama'a a irin waɗannan wurare. Amma akwai wani iri da ake kira wasan harbi, kuma a cikinsa akwai wani tsoho wanda labarinsa ya cancanci a kawo wa masu karatu, domin ya nuna yadda ra'ayin masu saye ya tilasta wa babban kamfani ya nemi gafara, ya kuma sake aikinsa. Sunan wasan XIII, wato goma sha uku da alƙaluman Rumawa.

Asalinsa littafi ne

Waɗanda suka yi lakwal a shekarun 1970 da 1980 ba su manta da littattafan zane ba, irin su Kouakou, Tintin, Zembla da Akim, waɗanda ake ba da labari a cikinsu da hotuna ɗaki-ɗaki, maganar kowane mutum tana rubuce a cikin da'ira bisa kansa. XIII daga wannan dangi ya fito. Mutum biyu ƴan ƙasar Beljiyam suka ƙirƙiro shi: Jean Van Hamme ya rubuta labarin, William Vance ya zana hotunan. Littafi na farko ya fito a shekarar 1984 a gidan ɗab'i na Dargaud.

Labarin wani mutum ne da aka tsinta a bakin teku a Amurka, harsashi ya raunata shi a ka, ya manta sunansa da duk abin da ya wuce. Ba shi da wata shaida sai jarfar XIII da aka yi masa kusa da ƙashin wuya. Bai daɗe da farfaɗowa ba sai ya tarar ana nemansa ruwa a jallo, ana zarginsa da kashe shugaban ƙasa William Sheridan, kisan da marubucin ya tsara shi kama da na shugaba Kennedy na 1963. A bayan wannan kisa akwai ƙungiyar asiri ta mutum 20, kowa da lambarsa, masu shirin juyin mulki, kuma sun aiko da wani makashi mai laƙabin La Mangouste, wato tunku, don ya rufe bakin jarumin.

A watan Nuwamba na 2003 kamfanin Ubisoft na Faransa ya mai da littattafai 5 na farko wasan bidiyo, ya fitar da shi don kwamfuta da na'urorin PlayStation 2, Xbox da GameCube. Wasa ne na harbi wanda ake gani da idon jarumi: mai wasa ba ya ganin jikin mutumin da yake sarrafawa, sai hannuwansa da makaminsa da abin da ke gabansa, tamkar shi ne a wurin. Ba shi ne na farko da aka ciro daga littafin zane ba, domin Turok ya riga shi tun 1997, kuma The Darkness ya biyo baya a 2007. Abin da ya bambanta XIII shi ne ya ƙi rabuwa da kamannin littafin da ya haife shi.

Abin da suka yaba

A zamanin da sauran kamfanoni ke tseren yin hoto mai kama da na sinima, masu aikin Ubisoft sun zagaye mutane da kaya da baƙin layi mai kauri, suka shafa launi shimfiɗe ba tare da inuwa mai yawa ba, har mai kallo ya ɗauka shafin littafi ne ke motsi. Idan bindiga ta tashi, ana rubuta ƙararta da manyan baƙaƙe a kan allo. Idan harbi ya sami abokin gaba daga nesa, sai ƙananan ɗakunan hoto uku su buɗe a gefe su nuna yadda abin ya faru. Idan mai gadi yana tafiya a bayan bango, sai rubutun sawunsa ya riƙa bayyana yana bin inda yake, don haka mai wasa ya san lokacin laɓewa da lokacin fita.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ƴan wasa suka fi ambato, saboda zanen ya zama kayan aiki a hannunsu. Sun kuma yaba da cewa ba kullum harbi ke fid da mutum ba. A wasu wurare, kamar banki da ofishin ƴan sandan ciki, wanda ya kashe ma'aikaci marar laifi ya faɗi nan take. Dole ya sumar da shi da kujera ko kwalba, ya ɗauke shi ya ɓoye, ko ya buɗe ƙofa da ƙarfen buɗe kwaɗo ya wuce shiru.

Da shekaru suka tura, sai wata fa'ida ta fito wadda ba a lura da ita sosai da farko ba. Wasannin 2003 da suka yi ƙoƙarin kama da zahiri sun tsufa, fuskokin mutanensu sun zama abin dariya ga yaran yau. Shi kuwa zane ba ya tsufa da sauri haka, domin tun asali bai yi gasa da hoton kyamara ba. Saboda haka ne masu sha'awarsa ke cewa har yanzu ana iya kallonsa ba tare da jin kunya ba.

Abin da suka kushe

Ba yabo kaɗai aka yi ba. Da yawa sun koka cewa abokan gaba ba su da daidaito: wani lokaci soja ya tsaya kamar gunki ana harbin na kusa da shi, wani lokaci kuma ya hango mutum daga nesa ƙwarai. Wuraren da wasan ke ajiye ci gaban mai wasa suna da tazara, don haka kuskure ɗaya yakan mai da mutum baya ya sake doguwar tafiya. Faɗan da ake yi da manyan abokan gaba ma bai gamsar ba, domin ba dabara yake nema ba sai yawan harsashi. A fassarar Ingilishi an ɗauko sanannun ƴan wasan Amurka su ba da murya, David Duchovny a matsayin jarumin, Adam West a matsayin janar Carrington, mawaƙiya Eve a matsayin manjo Jones, amma an zargi Duchovny da magana a sanyaye kamar wanda abin bai dama ba.

Babban ƙorafi shi ne na ƙarshen wasan. Daidai lokacin da jarumin ya gano ko wane ne lamba I, shugaban maƙarƙashiyar, sai aka tsai da labari da alkawarin ci gaba. Ciniki bai kai yadda kamfanin ya so ba, kuma wannan ci gaba bai fito a kan waɗannan na'urori ba. Wanda ke son sanin ƙarshe sai ya koma ga littattafan, waɗanda Van Hamme ya rufe kashinsu na farko da littafi na 19 a shekarar 2007.

Garin neman gira

Bayan shekara 17, wani kamfanin Faransa mai suna Microids ya yi niyyar sabunta wasan don na'urorin zamani, ya ba kamfanin PlayMagic na tsibirin Malta aikin. Sabon zubin ya fito ran 10 ga watan Nuwamba na 2020. Da masu saye suka buɗe, sai suka tarar an rage baƙin layin nan ƙwarai, an sa hoto mai sheƙi irin na sauran wasanni, an taƙaita yawan makaman da mutum ke iya ɗauka, ga kurakurai birjik: sauti yana ɓacewa, hoto yana tsinkewa, sojoji suna maƙalewa. Garin neman gira an rasa ido.

Hukuncin jama'a bai yi jinkiri ba. Sabon XIII ya shiga sahun wasannin da aka fi kushewa a wannan shekara, mutane da yawa kuma suka juya suka sayi tsohon, wanda aka ci gaba da sayarwa da araha don kwamfuta. Cikin ƴan kwanaki Microids da PlayMagic suka fid da sanarwar ba da haƙuri, suka ambaci annobar korona cikin abin da ya dagula aikin. Daga baya aka karɓe aikin aka ba wani kamfanin Faransa, Tower Five. A watan Satumba na 2022 aka fitar da gyara kyauta ga waɗanda suka riga suka saya, aka mai da hoton kusa da kamannin littafi, aka gyara sauti da halin abokan gaba. An yarda cewa gyaran ya rage ɓarna, amma da yawa daga tsofaffin ƴan wasa sun tsaya a kan cewa na 2003 ya fi. William Vance bai ga wannan rikici ba, domin ya rasu a 2018.

Darasi ga masu saye da masu zane

Masu rumfunan wasa da samarin da ke tara kuɗin noman rani ko na ƙwadago don sayen faifai suna da abin lura a nan. Kalmar «sabo» da aka buga a kan kwali ba shaida ba ce ta inganci, kuma tsohuwar na'ura ta hannu tana iya ɗauke da aikin da ya fi na bana. Kafin a fid da kuɗi, ya kamata a tambayi waɗanda suka riga suka taɓa.

Iyaye kuma su sani cewa kamannin zane ba ya mai da wasa na yara. XIII wasan kisa ne da jini, kuma a Amurka an sa shi cikin wasannin manya, daga shekara 17 zuwa sama. Hakkin mai rumfa ne ya duba shekarun wanda ya miƙa wa abin wasa, kamar yadda hakkin uba ne ya san inda ɗansa ya yini. Ga ɗalibin da ya girma kuwa, littattafan XIII suna da amfani wajen ƙara ƙwarewa a Faransanci, kuma a cikinsu ne cikakken labarin yake.

Darasi mafi girma na masu zane ne. Afirka ma ta shiga wannan sana'a: a Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016, a Nijar kuma an yi wasan Les Héros du Sahel mai jarumi Shamsu. Waɗannan matasa ba su da dukiyar manyan kamfanoni, ba za su iya tseren hoto mai kama da zahiri ba, kuma labarin XIII ya nuna cewa ba dole ba ne su yi. Abin da ƴan wasa suka riƙe fiye da shekara 20, har suka yi faɗa a kansa, shi ne hannun mai zane da suka gane. Kokawar gargajiya, tarihin Kabi da Arewa da Dandi, da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi suna nan suna jiran masu alƙalami da za su ba su fuska tasu ta kansu. Allah ya ba matasan ƙasa basira da haƙurin yin aikin.