GIDANKU, SHAWARARKU, AIKINKU

Jama'a, sanin kowa ne gida ba bango da jinka kawai ba ne. Wanda zai kwana a cikinsa shi ya san inda zaure zai fuskanta, da inda mata za su yi girki, da inda za a ɗaure dabbobi. Saboda haka ne masana harkar gine-gine suka yarda cewa bai kamata a tsara wa jama'a unguwa ba tare da an zauna da su ba.

Ga abin da ya faru a ƙasar Masar. A tsakiyar shekarun 1940 hukuma ta ɗora wa wani gwanin zanen gine-gine mai suna Hassan Fathy aikin gina sabon ƙauye domin mutanen Gurna, kusa da birnin Luksor. Ya yi aiki da tubalin ƙasa, ya ɗauko magina daga yankin Aswan waɗanda suka iya rufin ɗaki ba da katako ba, ya kuma yi ƙoƙarin tsara kowane gida bisa bukatar iyalinsa. Duk da haka yawancin mutanen suka ƙi tashi, aikin ya tsaya a 1948 ba a gama ba. Dalili kuwa shi ne abincinsu yana tsohon mazauninsu, kuma tun farko ba da yardarsu aka yanke shawarar ƙaura ba.

To, sai mu dubi Yama, wani ƙauye na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. A 1962 mutanen garin da kansu suka ƙudura gina masallacin Juma'a. Wasu suka buga tubali, wasu suka kawo ruwa, wasu itace, magininsu Falke Barmu ya ja ragamar aikin. Daga baya suka gyara shi, suka ƙara masa hasumiyoyi, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Wannan kuwa gayya ce, irin wadda kakanninmu suka saba.

Kada a raina ginin ƙasa. Bango mai kauri yana tsare zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi, ga shi kuma ba sai an sayi siminti mai yawa ba. Abokin gabansa ruwa ne. Lalle a ɗaga harsashi da dutse, a sa indararo mai tsawo, a sabunta yaɓe kafin damina. Azara ta yi tsada domin giginya ta ragu, saboda haka duk wanda ya sare ɗaya ya dasa wata.

Idan za ku fara, ku kira taro a ƙofar mai unguwa. A ji ta bakin mata, domin su ne ke wuni a gida. A ware hanya da magudanar ruwa kafin a raba filaye, a nisanta masai daga rijiya da aƙalla mita 30. Sa'an nan ku kai tsarinku ofishin ƙaramar hukuma domin a duba shi kafin a fara haƙa harsashi.