Ruwan batir da ruwan tsamiya

A Yawunde, babban birnin Kamaru, mai tafiya daga unguwar Madagaska zuwa Briqueterie, inda Hausawa suka daɗe da kafa zama, zai wuce ta gaban sana'o'i biyu da asid ke riƙe da su. Ga mai kunun tsamiya tana jiƙa tsamiyarta, ga kuma mai cajin batir ya jera baturan motoci a bakin shagonsa. Abin da ke cikin ƙwaryar ta farko ana shansa har a lashe baki. Na cikin batir kuwa, ɗigo ɗaya ya taɓa riga sai ya huda ta. Dukkansu asid ne. Me ya raba su?

Amsar ta fara fitowa fili ne ta hannun Svante Arrhenius, masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, a shekarar 1887. Ya nuna cewa idan asid ya shiga ruwa, ƙwayoyinsa kan rabe su saki wani ɗan ɓangare na haidurojin mai ɗauke da cajin lantarki, wanda ake kira ayon. Wannan ayon ɗin shi ne harshe ke ji a matsayin tsami, shi ne kuma ke cin ƙarfe. Sai dai ba kowane asid ke sakinsa daidai da ɗan'uwansa ba. Asid mai ƙarfi mai sakin hannu ne, da ya ji ruwa sai ya ba da kusan duk abin da ke hannunsa. Mai rauni kuwa marowaci ne. Asid ɗin ruwan khal misali ne mai kyau: idan an tsarma shi daidai gwargwado, cikin ƙwayoyinsa 100, kusan ɗaya kacal ke rabewa, sauran na nan a dunƙule. Asid ɗin tsamiya da na lemun tsami da na nono duk 'yan wannan gida ne. Na batir, wato asid ɗin salfurik da ake samarwa daga farar wuta, yana sakin haidurojinsa na farko baki ɗaya, na biyun ne yake ɗan riƙewa.

A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, kuma ya kamata a tsaya a kai. Ƙarfin asid daban, yawansa a cikin ruwa daban. Ko an tsarma asid ɗin salfurik da ruwa mai yawa, sunansa mai ƙarfi, domin ɗan abin da ya rage ya rabe gaba ɗaya. Ruwan khal kuma ko ya yi kauri, mai rauni ne. Abin da ma'aunin pH ke faɗa, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a Kwapanhagin a 1909, shi ne yawan ayon ɗin da ke yawo a sake a cikin ruwan. Tsabtataccen ruwa yana kan 7, ruwan lemun tsami wajen 2, ruwan batir ƙasa da 1. Kowane taki ɗaya da aka sauka, ayon ya ninka sau 10.

To ina ruwan wannan da wutar lantarki? Kowane ƙarfe yana da nasa gwargwadon son rabuwa da ilektiron ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki. Tutiya ta fi jan ƙarfe saurin saki. Masana sun auna kowanne da haidurojin, wanda suka ajiye a kan sifili: tutiya ta faɗa kan bolt 0.76 ƙasa da sifili, jan ƙarfe ya hau bolt 0.34 sama da shi. Tazarar da ke tsakaninsu, bolt 1.10, ita ce ƙarfin batir ɗin da John Daniell ya haɗa a Landan a 1836.

Batir ɗin mota, wanda asalinsa Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙira a 1859, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya. A cikinsa akwai ɗakuna 6, kowanne da faranti iri biyu, ɗaya na darma zalla, ɗaya na darmar da ta haɗu da iskar oksijin, duka a tsome cikin asid. Kowane ɗaki na ba da kusan bolt 2.1, jimla 12.6. Abin lura shi ne asid ɗin ba ɗan kallo ba ne. Yayin da batir ke aiki, farantan biyu suna shanye shi suna komawa farin gishirin darma, ruwa kuma yana ƙaruwa. Walther Nernst ya nuna a 1889 cewa ƙarfin da batir ke bayarwa yana bin yawan sinadaran da ke narke a cikinsa. Shi ya sa da asid ya ragu, bolt ɗin ma sai ya sauka. Mai caji da ya san aikinsa yakan zuƙo ruwan da wata 'yar kwalba mai kan roba, ya dubi inda ɗan abin da ke iyo a ciki ya tsaya. Idan nauyin ruwan ya kai wajen 1.27 na nauyin ruwan sha, batir a cike yake. Idan ya gangaro kusa da 1.12, ya mutu sai caji. Cajin kuma juya aikin baya ne kawai, gishirin ya narke, asid ya dawo.

Wannan ilimi yana da amfani na kai tsaye. Idan ruwan batir ya ja baya, mafi yawanci ruwa ne ya tafi, domin caji mai yawa yana farfasa shi ya zama iskar haidurojin da oksijin. Asid ɗin yana nan. Saboda haka tataccen ruwan da aka tara daga tururi ake ƙarawa. Ƙara asid yana cinye farantan, ruwan rijiya kuma yana shigar da gishirin da ke rage wa batir kwana. Haidurojin ɗin da ke fita yana kamawa da wuta, don haka ba a kunna ashana ko taba kusa da batir ɗin da ke caji.

Haɗari mafi girma yana zuwa ne bayan batir ya gama aiki. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar darma, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana ciro darmarsu. Mai karatu, idan kana da mataccen batir, kada ka fasa shi a tsakar gida, kada ka zubar da ruwansa a kwata, kuma kada ka bar yara su yi wasa a inda ake narka darma.