Yadda bishiyar kwakwa ke zuƙar gubar nukiliya

Mai sayen kwakwa a bakin kasuwar Nima a Ghana ba ya tambayar abin da saiwar bishiyar ta sha. Ita dai saiwa fotashiyam take nema, sinadarin nan na cikin toka, irin tokar ɓawon koko da ake haɗa sabulun salo da ita. Sai dai sisiyam-137, dattin da fashewar nukiliya ke bari, ya yi kama da shi ainun, har saiwa kan kasa bambance su. Inda fotashiyam ya yi ƙaranci a ƙasa, sai ta zuƙe gubar ta kai cikin 'ya'ya.

Haka aka gani a tsibirin Bikini, inda Amurka ta gwada bama-bamai daga 1946 zuwa 1958. Ƙasar wurin ta murjani ce, fotashiyam kaɗan ne. Kwakwa ta gurɓace, har aka kwashe mazauna wurin a 1978. Da masana suka zuba takin fotashiyam, saiwa ta ƙoshi, gubar cikin kwakwa ta ragu matuƙa. Jira kuwa ba dabara ba ce, don sai kusan shekara 30 rabin sisiyam ke gushewa.

A Ghana, Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya, wadda aka kafa a 1963, tana auna irin wannan gurɓata a kayan abinci.