Tallar Dare: Ina Iyayen Yaran Nan?

Duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san abin da ke faruwa idan mota ta tsaya a Tsafe ko Kwatarkwashi. Kafin direba ya gama taka birki, farantai sun rufe tagogi: gyaɗa, dafaffen ƙwai, awara, ruwan leda. Masu ɗauke da su yara mata ne, wata ko shekara 8 ba ta cika ba. Da rana ma abin dubawa ne, balle bayan sallar isha'i, lokacin da za ka tarar da su a tasha ko gindin mai shayi suna bin ƙarti suna magiya a saya.

Ka tambayi yarinya me ya hana ta komawa gida, amsar ɗaya ce: "Inna ta ce kada in dawo da saura." Wannan magana ita ce tushen ɓarnar. Yarinyar da ta san bulala na jiran ta idan ciniki bai cika ba, wane kira ne za ta ƙi amsawa? Wani ya ce ta biyo shi kango ya juye kayan duka, ta bi. Wani ya ce ta shigo shago ta karɓi kuɗinta, ta shiga. Uwa kuwa ta ƙirga kuɗi ta ga sun zarce na kaya, maimakon gabanta ya faɗi, sai ta sa albarka. Haba iyayenmu mata! Wannan ai ba wa kura ajiyar nama ne.

Hujjar kullum ita ce kayan ɗaki: wai tallar ce za ta sayi gado da kwanuka ranar aure. Uban gidan kuma, wanda shi Allah Ya ɗora wa ci da sha da tufafi, ya fice tun asuba, bai san ƙarfe nawa 'yarsa ta shigo ba, bai kuma tambaya ba. Na san halin da ake ciki. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankin Bilbis da sauran sassan Tsafe da Bunguɗu, gonaki sun gagara nomuwa, zawarawa da marayu sun cika gari. Amma talauci bai ce a tura yarinya tasha da dare ba. Ana iya ajiye kayan a ƙofar gida, ana iya yin tallar da hantsi cikin unguwa inda aka san ta, a haɗa ta da babba, a kuma sa mata dokar dawowa kafin magariba ko an sayar ko ba a sayar ba.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta haramta sa yaro bara ko talla a kan manyan tituna, kuma a 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Zamfara. Mu da muka riga kowace jiha ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ai bai kamata sai an karanto mana dokar boko ba kafin mu san amanar 'ya'ya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ke biyo baya idan ta faru. Sai dattawa su taru a zaure a ce "a rufa asiri, kada ta rasa mijin aure", a karɓi ɗan kuɗin magani, a sallami mugu ya koma bakin shagonsa yana jiran 'yar wani. Maƙwabta kuma kowa ya ce ba ruwansa. Irin wannan shirun ne ya sa yaro ɗan shekara 10 a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi ya yi kusan shekara 2 ɗaure a turken dabbobi cikin gidan ubansa, sai a watan Agustan 2020 aka ceto shi.

Idan yarinya ta dawo tana ɗingishi, ko ta daina magana, ko ta fara kuka duk lokacin da aka ambaci wani layi ko wani mutum, a ajiye bulala a zaunar da ita a tambaye ta cikin lallashi. In ya tabbata an taɓa ta, kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafin, domin su ne shaida. A garzaya da ita babban asibitin Tsafe, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72. Kwana ukun da ake ɓatawa wajen sulhu su ne damar yarinyar. Daga nan a sanar da 'yan sanda ko Hisba, a kuma sa mai unguwa a ciki don kada maganar ta mutu a hanya.

Limamai, ku sa wannan a huɗubar Juma'a. Shugabannin tasha da direbobi, duk yarinyar da kuka gani da faranti bayan magariba, ku tambayi gidansu, ku sa a raka ta.